Ranar da Aka Kashe Manhajar Taro

Umma ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga, da abin ya zo wa Auta da sauƙi, don ta san faɗan Umma ba ya kwana. A zaune ta faɗi maganar, tana ninke wanki a bakin gado, idonta a kan rigar da ke hannunta.

"Ba zan ba kurma 'yata ba. Ki cire shi daga ranki tun abin bai yi nisa ba."

Auta na tsaye a bakin ƙofa da jakar ofis a kafaɗa. Ta so ta ce abin ya riga ya yi nisa. Ta so ta sake cewa ba haka aka haife shi ba, ciwon sanƙarau ne ya tafi da jinsa yana saurayi, yana magana ras, yana da aikinsa da mutuncinsa. Amma duk wannan ta faɗa ta maimaita har bakinta ya gaji. Yaya ma, wanda ya zama uba gare ta tun rasuwar Abba, da ta kira shi a waya tana kuka cewa ya yi shi ba shi da ta cewa, duk inda Umma ta sa ƙafa nan zai sa tasa.

Umma ta ajiye rigar, ta ɗauki wata. Ta ce ga Manaja nan, ɗan ƙawarta tun ta ƙuruciya, yaron da ta goya a bayanta, wanda ya samar wa Auta aikin da take taƙama da shi. Mai ji ne, mai gani ne, kuma ya daɗe yana jira. Me ake nema da ya wuce wannan?

Auta ta ce za ta makara. Umma ta ce Allah ya tsare, ba tare da ta ɗago ba.

A cikin motar haya ta jingina kanta da gilashi, hawaye na bin kumatunta, matar da ke gefenta na satar kallonta.

Kamfanin da take aiki na ƙera kayan katako ne, kujerun makaranta da tebura da gadajen asibiti. Ofisoshi a sama, ma'aikata a ƙasa, ƙarar zarto da ƙamshin sabon katako na hawowa ta matattakala. A can ba wanda ke ce mata Auta, Sakatariya ce. Lokacin da ta fara, taron farkon mako shi ne abin da kowa ya fi tsana. A shiga da hantsi, a fito an kusa azahar. Mutum uku na magana a lokaci ɗaya, wani na amsa waya, Babban kafinta na ba da labarin yadda ake aiki a zamaninsu. Ita kuwa tana fama da biro har yatsunta su sage, washegari ta kasa karanta rabin abin da ta rubuta. Mako na zagayowa a sake ɗauko maganar da aka gama, kowa ya rantse ba shi aka ɗora wa aikin ba.

A ƙarshen teburin akwai mutum ɗaya da bai taɓa cewa uffan ba. Mai zane ake ce masa, shi ke zana duk abin da ake ƙerawa. Dogo ne, mai yawan tsabta, kullum fensir a bayan kunne. Sai ya zauna yana bin bakunan mutane da ido, daga wannan zuwa wancan, har ya gaji ya sunkuyar da kai yana zane a gefen takarda. In an yi dariya ya yi murmushi a makare. Da farko ta ɗauka girman kai ne, sai da Babban kafinta ya gaya mata ba ya ji.

Ba don shi ta kawo manhajar rubuta bayanan taro ba, don yatsunta ta kawo ta. Ta roƙi Shugaban kamfanin ya bari a gwada, tsohon ya ce in dai za ta fisshe shi daga zaman nan, ko me ye a kawo. Manhajar tana sauraren abin da ake faɗa ta makirufo, tana mayar da shi rubutu nan take a shafin da kowa ke gani a kwamfutarsa. Auta ta tsara sauran da kanta. Tun jajibiri take tura abubuwan da za a tattauna, kowanne da lokacinsa. In an yanke magana, ta sa mata alama, ta rubuta wanda aikin ya hau kansa da ranar da zai kawo shi. Kafin mutane su koma kujerunsu taƙaitaccen bayani ya isa wayar kowa. Da yake manhajar na rikicewa in an haɗa baki, dole aka koyi yin magana ɗaya bayan ɗaya. Taron rabin yini ya dawo ana gama shi shayi bai huce ba.

Ba za ta manta taron farko da aka kunna ta ba. Ana cikin gardama a kan wani gadon asibiti da ƙafarsa ke yawan karyewa, sai aka ji murya daga ƙarshen tebur, mai kauri, ta ɗan fi yadda ya kamata ƙarfi, irin ta wanda ba ya jin kansa. Mai zane ne. Ya ce ba katakon ba ne, wurin haɗin ne, kuma ya daɗe da gyara zanen, bai san ana ta gardamar ba ne kawai. Babban kafinta ya riƙe haɓa ya ce ashe mutumin nan da baki.

Da aka watse ya tsaya a gaban teburinta, ya ce shekarunsa da yawa yana zuwa taro, amma yau ne ya fara halarta.

Daga nan ne. Ita ke gyara kurakuran manhajar, shi kuma ya zama mai nemo su. Wata rana Babban kafinta ya ce ana bukatar ƙusa, manhajar ta rubuta ana bukatar kusa. Mai zane ya ja kujerarsa ya matso dab da tata, fuska a ɗaure, ya ce shi ba ya saɓa wa abin da taro ya yanke. Ta yi dariya har ta ƙware. Ya zuba mata ido ya ce bai san yadda dariyarta take a kunne ba, amma a ido ta isa.

Abu ɗaya ya taɓa roƙonta. Ya ce mutane na son tace masa magana, su ba shi mai daɗi su ɓoye mai ɗaci, kamar yaro. Kada ta yi masa haka. Duk abin da aka faɗa a gabansa, ta bar shi ya sani. Ta ce ta ɗauki alkawari.

Wannan safiyar da ta baro Umma da wankinta, Shugaba ya yi tafiya, Manaja ne zai jagoranci taro. Ya shigo da ƙamshin turarensa da makullan mota a hannu, ya gaishe ta da fara'ar da ta fi ta kullum. Ba mugu ba ne, ita ma ta sani. Mutum ne da bai saba a ce masa a'a ba, kuma tun da ya lura da kujerar da ke matsowa kusa da tata ya daina barci da kyau.

Ta miƙa hannu za ta kunna makirufo, ya ce ta bari. Ya ce ya yi tunani, bai kamata na'ura ta riƙa sauraren sirrin kamfani ba, ba a san inda maganar ke zuwa ba. Har sai Shugaba ya dawo an duba, a koma yadda ake yi da. Auta ta yi masa bayanin cewa Shugaba da kansa ya sa aka duba wannan tun farko, bayanan ba sa fita daga kwamfutocin kamfani. Ya ce ya ji, amma yau shi ne a kujera.

Ta dubi ƙarshen tebur. Mai zane ya buɗe kwamfutarsa, ya jera zanensa, yana jiran rubutu ya fara fitowa. Shafin fari fat. Ya ɗago ya dube ta da tambaya a idonsa.

Ba ta yi shawara da kowa ba. Ta jawo kwamfutarta ta rubuta a shafin cewa an hana kunna makirufo, amma ya ci gaba da kallon allo. Sai ta ɗora yatsunta.

Manaja ya fara magana, ta bi shi. Mai kula da sito ya amsa, ta bi shi. Aka koma tsohon hali, ana katse juna, ana haɗa baki, Babban kafinta ya samu ƙofa ya ɗauko labarin zamaninsu, duk tana bi. Ba ta ɗaga kai ba. Wuyan hannunta ya fara zafi, zufa ta tsattsafo mata a goshi. Ta sa alama a kan abin da aka yanke, ta rubuta wanda zai yi. Da aka zo kan sababbin kujerun makaranta, Mai zane ya yi bayaninsa daidai lokacin da ya kamata, ya amsa tambayar da aka yi masa kamar da kunnensa ya ji ta. Babu wanda bai lura da abin da ke faruwa ba. Ƙarar maɓallan kwamfutarta ta cika ɗakin.

Manaja ya daɗe yana kallon hannuwanta. Da aka zo ƙarshe, ya tattara takardunsa, ya juya kujerarsa ta yadda bayansa ya fuskanci ƙarshen tebur, ya yi murmushi.

"Ku yi wa Sakatariya sannu, ta kusa hutawa da wannan wahalar. Umma ta ba ni ita. Jibi da yamma mahaifiyata za ta je a tsayar da magana."

Yatsunta suka tsaya cak.

Wani ya fara cewa Allah ya sanya alheri, ya ga fuskarta ya haɗiye sauran. Babban kafinta ya sunkuyar da kai yana wasa da hularsa. A kan allo ɗan layin nan na ta ƙiftawa a inda ta tsaya. Sai ga rubutu ya fito a ƙasa, daga ƙarshen tebur.

Me ya ce?

Tana iya rubuta cewa an rufe taro. Tana iya cewa maganar sito ce. Babu wanda zai tona ta a ɗakin nan. Ta dubi kalmomin har suka narke a idonta. Sannan ta rubuta, harafi bayan harafi, yadda aka faɗa, ba ta rage ba, ba ta sassauta ba. Hawaye ya ɗiga a bayan hannunta.

Mai zane ya karanta. Ya sake karantawa. Ya rufe kwamfutarsa a hankali, ya naɗe zanensa, ya miƙe. Da ya zo daidai Manaja ya tsaya ya ce masa ya gode da sanarwa, amma nan gaba in maganar ta shafe shi, ya juyo ya faɗa masa a fuska. Ya fita ya ja ƙofa ba tare da ta yi ƙara ba.

Sai da ta tura wa kowa taƙaitaccen bayanin taro, don aikinta ne, sannan ta sauka. Ɗakin zanensa na can ƙarshen ma'aikata, inda ƙarar injuna ta hana kowa zama sai shi. Ta same shi tsaye a gaban tebur, fensir a hannu, takardar gabansa babu ko layi ɗaya. Ta kunna fitilar ɗakin ta kashe, yadda ta saba yi masa sallama. Ya juyo.

Ta fara magana, kuka ya murɗe mata baki. Ya ce mata a hankali ba ya iya karanta bakin mai kuka. Ya miƙa mata hankicinsa, ya jira.

Da ta samu kanta ta gaya masa komai, abin da Umma ta faɗa da safe, da na Yaya, da kuma cewa ita ba ta amsa wa kowa ba. Ya saurara da idonsa har ta gama. Ya ce ya gode da ba ta ɓoye masa ba, ya san abin da rubuta wannan layin ya ci mata. Sannan ya dubi hannuwanta. Wuyan hannun dama ya ɗan kumbura.

"Kin ga abin da taro ɗaya ya yi miki? Aure ba taro ɗaya ba ne. Ba na so in mayar da ke kunnena har ki tsufa."

"Ban ce maka na gaji ba."

"Ba za ki faɗa ba, shi ne abin da ke ba ni tsoro."

Ya ce wataƙila Umma ta fi su hangen nesa. Manaja zai ji ta in ta yi magana daga wani ɗaki. Zai ji kukan ɗansu. Za su yi hira a mota ba sai ta juyo da fuskarta ba. Shi kuwa ko sunansa bai san yadda yake a bakinta ba.

Auta ta share fuska ta matsa inda zai ga bakinta sosai. Ta ce ta zauna da masu kunne tun tana yarinya. A gida ita ce ƙarama, maganarta ba ta wuce bakin ƙofa. A ofis ta yi ta rubuta maganar mutane ba wanda ya taɓa tambayarta tata. Manaja kullum yana jin muryarta, amma ta ce masa a'a a fili, ga shi yau ya sanar da aurensu.

"Kai kaɗai ne in ina magana kake ajiye duk abin da ke hannunka. In ba ka so na, ka faɗa in tafi. Amma kada ka yanke mini abin da zan iya ɗauka. Masu yanke mini sun yi yawa."

Ya ajiye fensir ɗin, ya ce son da yake mata ba ya cikin abin da ake tattaunawa. Ya tambaye ta ko Umma za ta yarda ta gan shi. Ta ce ba ta sani ba. Ya ce zai zo duk da haka, jibi, kafin baƙin su iso. Ba zai je roƙo ba, ba zai je gardama ba. In a'a ce, yana so ya karɓe ta daga mai ita.

Washegari da yamma Auta ta samu Umma a kicin tana wanke kofuna, ta gaya mata Mai zane zai zo gobe. Ta yi zaton faɗa. Umma ta kashe famfo ta tsaya da kumfa a hannu, ta ce ita ba ta ƙi yaron don wani aibu ba, ba ta ma san shi ba. Ta tambayi Auta ko ta tuna ranar da Abba ya faɗi. Auta na makaranta lokacin. Umma ta ce tana nan inda take tsaye yanzu, famfo a buɗe, shi yana can ɗaki. Sau ɗaya ya kira ta, da ƙyar, muryar ba ta fi ta mai magagin barci ba. Ta ji. Ta ruga ta same shi a ƙasa, ta ɗora kansa a cinyarta, a nan ya cika yana riƙe da hannunta.

"Da ban ji ba, da shi kaɗai zai tafi. Ke wa zai ji ki?"

Auta ta rungume Umma ta baya, ta kwantar da kanta a kafaɗarta, suka yi kukansu tare, kumfa na ɗiga a ƙasa. Umma ba ta ce ya zo ba, ba ta kuma ce kada ya zo ba.

Washegari Mai zane ya zo bayan la'asar, cikin fararen kaya, babu fensir a bayan kunne. Yaya ne ya shigo da shi falo, ya nuna masa kujera, ya koma gefe ya zauna da waya a hannu kamar wanda aka tilasta wa zama shaida. An riga an jera kofuna masu kyau a kan tebur saboda baƙin da ake jira. Auta ta ga ya gan su.

Umma ta fito ta zauna a kujerar da ke can gefe, ta juyar da fuskarta wajen bango. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta amsa ciki-ciki. Auta ta ciro wayarta za ta kunna manhajar ta ajiye masa, ya girgiza mata kai.

Umma ta ce wa Auta ta gaya masa ba ta da komai da shi a ranta. Ta gaya masa an riga an yi magana da wasu. Ta gaya masa Allah ya ba shi wadda ta fi. Duk tana kallon bango.

Mai zane na ganin gefen mayafinta kawai na motsi. Ya bari ta yi shiru, sannan ya yi magana, yana ƙoƙarin rage muryarsa.

"Umma, ki gafarce ni. Na san kina magana, amma ban san me kike cewa ba. Tun da na rasa jina ake yanke maganata a bayana, wani ya kawo mini. Ko a'a ce, ina roƙon in gan ta a bakinki. Zan karɓa in tafi, ba za ki sake ganina a ƙofar nan ba."

Yaya ya kife wayarsa a cinya.

Auta ta san mahaifiyarta. Ta san ba ta iya faɗa wa mutum magana mai zafi tana kallon idonsa. Ta ga yatsun Umma na murza bakin mayafi. Can sai kujerar ta yi 'yar ƙara. Umma ta juyo.

Ta dube shi, karo na farko. Ta buɗe baki, a'ar ba ta fito ba. Abin da ya fito tambaya ce, ita ce dai wadda ta yi wa 'yarta a kicin. In yarinyar nan ta faɗi a ɗaki ta kira shi, wa zai ji ta?

Ya bi leɓɓanta har ƙarshe. Ya ce ba zai ji ba, kuma ba zai yi mata ƙarya a kan wannan ba. Akwai na'urorin da ke kunna fitila ko su girgiza agogon hannu in an yi kira, zai sa su a kowane ɗaki, amma ya san ba wannan take tambaya ba. Ya ce abin da ya sani shi ne, wanda ba ya ji ba ya sakin jiki. Ba ya iya zama a wani ɗaki ya ce in da matsala za a kira shi. Sai ya tashi ya je ya duba. Haka ya yi da mahaifiyarsa a ciwonta na ƙarshe, yana leƙa ta yana komawa har ta riƙa korarsa, kuma yana gefenta ta rasu.

Umma ta tambaye shi ko yana tuna muryar mahaifiyarsa. Ta yi tambayar a hankali, tana buɗe baki sosai, ba tare da kowa ya ce ta yi hakan ba.

Ya ce ita ce murya ta ƙarshe da ya ji a duniya. Tana kansa a gadon asibiti tana cewa ya daure ya sha ruwa. Ya yi barci, ya farka ya ga bakinta na motsi. Har yau in ya ga mace mai shekarunta na masa magana, da wannan muryar yake jinta a ransa.

"Har ni?"

"Har ke, Umma."

Umma ta kai bakin mayafi idonta. Yaya ya miƙe ya je ya tsaya a bakin taga ya ba su baya. Auta ta toshe bakinta da hannu, kafaɗunta na rawa.

Umma ta ce ita fa ba ta ce ta yarda ba. Ya ce ya gani. Ta ce akwai zumuncin da ya girmi Auta a tsakaninta da ƙawarta, ba abin da za a watsar da yamma ɗaya ba ne. Ya ce ya gane, kuma ba ya so a ɓata shi saboda shi. Ya dafa gwiwa zai tashi.

A daidai nan aka danna hon a ƙofar gida. Aka sake dannawa. Aka ji an buɗe ƙofofin mota, da muryar mace mai fara'a tana sallama tun daga waje, da wata muryar a bayanta wadda Auta ta sani sarai.

Yaya ya juyo daga taga. Auta ta miƙe tsaye ba ta san ta miƙe ba. Mai zane ya ga fuskokin sun sauya gaba ɗaya, ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya juya wajen Auta don ta gaya masa.

Umma ta riga ta. Ta miƙa hannu ta taɓa hannun kujerarsa har ya dubo ta.

"Mota ce ta tsaya. Ƙawata ce da ɗanta."

Ya gyaɗa kai, ya fara miƙewa, yana neman ƙofar da zai bi ba tare da ya kunyata kowa ba.

Umma ta gyara mayafinta, ta share sauran hawayen, ta dube shi ido cikin ido.

"Ban sallame ka ba. Zauna. Auta, ƙaro kofi ɗaya, sannan ki buɗe musu ƙofa."